Yabo ya ishe ni, mai jan biro nake nema

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na so in buɗe da "ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini" kamar yadda kowa yake yi, sai na tuna wani dattijo ya taɓa ja wa wannan jimla layi a takardata, ya ce edita ya san jinin jaridarsa, in faɗi abin da ya kawo ni. To ga abin da ya kawo ni: ina neman wanda zai riƙa duba rubutuna yana nuna mini inda na kwafsa. Na kuma tabbata ba ni kaɗai ne mai wannan ƙishirwa ba, shi ya sa na kawo kukan wurinka maimakon in ci gaba da yin sa a ɗaki.

Na gama jami'a a 2018, Tarihi na karanta. Na yi bautar ƙasa a kudu, na dawo gida Zariya, yanzu ina koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta. Da dare, in an kawo wuta ko in wayata tana da sauran caji, nakan yi rubutu da Hausa: sharhi a kan abin da ya dami unguwa, ɗan tarihin wani wuri, wani lokaci gajeren labari. Shekara da shekaru ke nan ina yi, amma in ka tambaye ni ko rubutuna na bana ya fi na bara, wallahi ba ni da amsa, don ba wanda ya taɓa auna mini.

Jan biro na ƙarshe da ya taɓa takardata na malamin da ya duba kundin digirina ne. Babi na biyu sau uku yana dawo mini da shi. Ba ya yawan magana, tambaya ɗaya yake rubutawa a gefen shafi, ma'anarta "wa ya faɗa?" Duk inda na ce masana sun yi ittifaƙi, sai in tarar da ita tana jirana. A lokacin gani nake mugunta ce, har addu'a na yi Allah ya raba ni da shi lafiya. Allah ya amsa. Yau in da zan same shi ya karanta mini shafi biyu, da kuɗin mota na zan je. Sauran ayyukan da muka yi a shekara huɗu kuwa maki kawai muke gani a allon sanarwa, takardar ba ta dawowa. Ban ga laifin malaman ba sosai, ajin da ɗalibai suke zama har a kan taga ba wanda zai iya bin kowa layi-layi. Amma sakamakon shi ne mun fito mun iya rubutun cin jarrabawa: doguwar shimfiɗa, ma'anar kalma a lugga da isɗilahi, ra'ayoyin masana, kammalawa. Malami dole ya karanta tunda aikinsa ne, albashi ake biyansa. Mai karanta jarida ba wanda ya ɗaure shi, in layi uku na farko ba su riƙe shi ba ya tafi shafin wasanni.

Za ka ce ai ga Facebook, ga masu karatu ɗaruruwa. Bari in ba ka labarin abin da ya buɗe mini ido. Wata rana na saka wani dogon rubutu, garin kwafowa daga inda na ajiye shi sai sakin layi ɗaya ya fito sau biyu, ɗaya bayan ɗaya, kalma da kalma. Ban lura ba. Kafin gari ya waye mutane sun cika ƙasansa da addu'a. Masha Allah. Allah ya ƙara basira. Allah ya ƙara wa alƙalami tawada. Muna jiran ci gaba, malam. Har da mai cewa bai taɓa karanta abu mai tsari irin wannan ba. Kwana uku abin yana nan a haka. Ƙanwata ce ta gani, ita ma ba ta rubuta a fili ba, sai da ta kawo mini abinci ta tsaya tana murza gefen mayafi, sannan ta ce, "Yaya, kamar akwai wurin da ya maimaitu, ko da gangan ka yi?" Ta gani tun ranar farko. Kunya ce ta hana ta.

Addu'ar nan ina so, kar a ce na raina. Amma na gane yawancinta gaisuwa ce, kamar "sannu da aiki" da ake yi wa mai noma ba tare da an duba ko kunyarsa ta miƙe ba. Kara da kunya da aka raine mu da su sun gyara mana zaman tare, sai dai a wannan fage sun bar mu cikin duhu. Na ƙasa da kai ba zai gyara maka ba don kar a ce ba shi da ladabi. Na sama da kai zai ce Allah ya yi albarka ya sallame ka. Aboki kuma ya ce, "Haba, kai da kake malami, mu wa za mu gyara wa?" Wanda ya yi ƙarfin halin faɗin gaskiya a bainar jama'a, nan take magoya bayan marubucin za su yi masa ca, a ce hassada ce. Kuma kar in taka tudun laifina in hango na wasu: akwai wanda ya taɓa gyara mini shekarar wani yaƙi da na rubuta ba daidai ba, ni da na karanta Tarihi, na yi kwana biyu ina jin haushinsa kafin in duba littafi in ga shi ne da gaskiya. Ni da nake wuni ina zane littattafan yara da jan biro. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne ba haka muka taso ba. A makarantar allo ba a yi mana wannan karar. Ka yi satu, ka kai wa malam allonka, ya bi shi baƙi-baƙi. Inda ka tsallake harafi ko ka ɗora wasali a inda ba wurinsa ba, ya lashi yatsa ya goge zugen a gaban kowa, ya gyara, wani lokaci da ɗan rankwashi. Ba ka wanke allo sai ya gamsu. Ba wanda ya taɓa kiran wannan cin fuska. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka ma yakan ba 'yan'uwansa mahaddata su bi masa shi kafin ya fita hannunsa. Mawallafan waƙoƙinmu na ajami da yawa sukan rufe da roƙon duk wanda ya ga kuskure ya gyara. Je ka wurin tela ko makaniki, yaron shago yana shekaru ana warware masa ɗinki ana cewa sake. Rubutun boko da Hausa ne kaɗai muka mayar abin da kowa yake zama gwani ranar da ya fara.

Dattijon da na ambata a farko tsohon mai gyaran rubutu ne a wata maɗaba'a, ya yi ritaya. Bakano ne da zama ya kawo Zariya tun yana saurayi. A majalisar ƙofar masallacinmu na san shi, kullum bayan la'asar yana riƙe da jarida da guntun fensir, yana karatu yana ɗan tsaki. Da na gane abin da yake yi da fensirin, sai na yi ta maza na kai masa wani rubutu mai shafi huɗu da na yi a kan cikewar lambatu a unguwarmu lokacin damina. Na buga shi a shagon kwamfuta, ina ji da shi.

Ya gyara tabarau ya karanta jimlar farko a fili: "Tun daga zamanin da ɗan Adam ya fara zama a birane, matsalar magudanan ruwa ta kasance tana taka muhimmiyar rawa a rayuwar al'umma." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, matsala ce take rawa? Wa yake mata kiɗa?" 'Yan majalisa suka tuntsire. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage. Bai kula ba, ya ci gaba da karatu shiru, ya wuce shafin farko, ya kai tsakiyar na biyu, sai ya dafa wani layi da yatsa. Layin yana cewa daren Talata ruwa ya shiga ɗakin wata tsohuwa maƙwabciyarmu, da asuba muka tarar da ita tana baje jiƙaƙƙiyar masara a kan tabarma a ƙofar gida. Ya ce, "Nan rubutunka ya fara. Duk na baya gyaran murya ne." Ya ninke shafi ɗaya da rabi ya mayar baya. Aikin dare biyu.

Daga nan ya shiga ƙananan abubuwa. Na rubuta "a ƙarshen rana gwamnati ce ke da alhaki", ya ce da magariba ke nan, da safe alhakin wa? Ya ce wannan Turanci ne ya sa babbar riga, Bahaushe cewa yake "daga ƙarshe dai" ko "ko ma mene ne". Na rubuta "hukuma ya kamata ya duba", ya yi dariya ya ce ku Zage-zagi har hukuma kun mayar namiji, na ce Baba a bar tone-tone, ya ce Bakano ba ya barin Bazazzagi ya wuce lafiya. Ya nuna mini "akan" da "a kan" ba abu ɗaya ba ne: akan yi ambaliya duk shekara, amma shara tana a kan titi. "Ya na" da "su ke" da na rarraba ya haɗe su, "zata" da na haɗe ya raba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙugiya. Shagon da aka buga mini ba su da haruffa masu ƙugiya, ni ma ban damu ba. A shafi na uku na ce matasan unguwa sun gaji, sun tafi fada. Ya ce, "To, wurin sarki suka kai kuka ko dambe suka tafi yi? Tunda duk takardar ba ƙugiya ko ɗaya, ta yaya zan san wanne kake nufi?" Fadar na nufa. Amma wanda ya karanta yana iya ɗauka na ce yaran unguwarmu 'yan tarzoma ne.

Na koma gida na rage shafi huɗu zuwa ɗaya da rabi. Shi ne rubutuna na farko da wani wanda ban sani ba ya tare ni a hanya ya yi mini maganar abin da ke ciki, ya tambaye ni yadda tsohuwar ta ƙare da masararta.

Sau huɗu kacal na samu zama da Baba. Ko goro na kai masa sai ya raba wa majalisa, kuɗi kuwa ya ce kar in ƙara. Yanar ido ta matsa masa, 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa Kaduna. Abin da na koya a zama huɗun nan ya fi abin da shekarun yabo suka koya mini, kuma tun da ya tafi nake lalube.

Ba zama na yi na naɗe hannu ba. Nakan karanta wa mahaifiyata rubutu a fili, ita da ba ta yi boko ba. Duk inda ta ce "me?" ko ta ce wannan Hausar rediyo ce, sai in sa alama, kuma ba ta cika kuskure ba. Nakan ajiye rubutu mako guda kafin in sake dubawa. Sau biyu da wata jarida ta buga mini sharhi, na ɗauko kwafina na jera da wanda ya fito, na bi layi-layi ina neman abin da editan ya cire. Na ga ya cire, amma dalilin sai dai in yi hasashe, ban san ko jimlar ce ba ta yi ba ko fili ne ya ƙare. Mu uku da wasu abokai muka kafa zaman musayar rubutu ranar Asabar, da sharaɗin ba a yabo sai an kawo aibi uku. Mun kuma gano tambayar "ya ka gani?" ba ta haifar da komai sai "ya yi kyau". Sai muka koma tambayar a wane layi ka fara gajiya, ko rufe takardar ka faɗa mini da bakinka abin da na ce. In abin da ya faɗa ya saɓa da abin da na nufa, na san laifin nawa ne. Wannan ya taimaka. Sai dai dukkanmu tsara ne, rami ɗaya muke faɗawa, ba mai hango wa wani. Na leƙa wani zaman marubuta kuma, an yi awa biyu ana jayayya a kan ko "saboda" kalma ɗaya ce ko biyu, aka tashi ba wanda ya ce wa mai labarin ko labarin nasa yana da rai.

Ka'idojin rubutu ba su ne suka fi damuna ba, don waɗannan an riga an yi mana wahalarsu. Tun Hukumar Hausa ta 1955 ake daidaita su, aka zauna a Bamako a 1966, aka zauna a Kano a 1972, aka sake zama a Yamai a 1980 don rubutun Nijeriya da na Nijar su kusanci juna. Ga ƙamusun Bargery tun 1934, ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Madannin waya ma yanzu akwai na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, wanda bai sa ƙugiya ba lalaci ne irin nawa na da. Mai niyya zai iya koyon duk wannan shi kaɗai a ɗaki. Abin da ba ya koyuwa a ɗaki shi ne sanin inda ka gundiri mai karatu, inda ka faɗi abu sau uku, inda hujjarka ta yi rauni kai kana ganin ta fi ƙarfe. Wannan sai da idon wani.

Kullum in zan tafi aiki nakan bi ta wajen tsohon ginin maɗaba'ar Kamfanin Gaskiya, kuma a matsayina na ɗalibin tarihi ba na wucewa ban tuna yadda rubutun boko na Hausa ya tsaya da ƙafarsa ba. Da gyara ya tsaya. Bayan gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 da Hukumar Talifi ta shirya, littattafan da suka fito sai da suka bi ta hannun Dokta Rupert East, Baturen da yake shugabantar hukumar. Abubakar Imam, wanda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, malamin makaranta ne a Katsina kamar yadda nake malami yau, aka kawo shi Zariya a 1936 ya yi watanni yana rubutu ana dubawa. In mai baiwa irin tasa ya zauna an duba masa, ni wane ne? A Kano ma a shekarun 1970 mawaƙan rubutacciyar waƙa sun yi ƙungiyoyi irin su Hikima Kulob, inda mutum yake kawo waƙarsa gaban 'yan'uwansa masu sana'a ɗaya. Yanzu masu rubutu sun ninka na wancan zamani ba iyaka. Gasa irin Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata da BBC ta fara a 2016, ta nuna yawan matan da suke riƙe da alƙalami a gidajensu. Amma gasa alƙalanci ce, aikinta ta fitar da zakara, koyarwa ba nauyinta ba ne. Ɗimbin da ba su kai ba su ne nake magana a kansu, da ire-irena da muka bar makaranta muka rasa mai ce mana sake.

Roƙona gare ka ƙarami ne, Malam Edita. Ka ware rabin shafi, ko da sau biyu a wata ne, ko a shafinku na intanet in takarda ta yi tsada. Mai so ya aiko da rubutun da bai wuce kalma 400 ba, da yardarsa a fede shi a fili. A buga yadda ya aiko a gefe ɗaya, yadda aka gyara a ɗaya gefen, sannan a ƙasa a faɗi dalili a taƙaice: an cire wannan don maimaici ne, an juya wannan don Turanci ne a ƙarƙashinsa, an dawo da wannan sama don shi ne labarin. Dalilin shi ne maganin. Gyara ba dalili kamar a ba ka allura ne ba a gaya maka ciwon ba. Wanda yake jin kunya a ɓoye sunansa. Mutum ɗaya za a gyara wa, amma duk mai irin cutarsa da ya karanta ya samu nasa rabon.

Na san za ka ce ma'aikatanka ba su da yawa, labarai ma da ƙyar ake gama tacewa kafin lokacin bugu. Gaskiya ne. Amma irin Baba suna nan da yawa a Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram: tsofaffin editoci, malaman Hausa da suka yi ritaya, tsofaffin masu fassara na gidajen rediyo, suna zaune a majalisa da fensir suna tsaki su kaɗai. Da yawansu ba kuɗi ne zai kawo su ba, a tuna da su ne. Ka gayyaci ɗaya kowane wata. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda take nan tun 1981 kuma tana da rassa a jihohi, za ta iya nuna maka inda suke.

Sharaɗi ɗaya zan roƙa a kafa wa masu gyaran. Kar gyara ya zama sauke mu raba. A cikin littattafan farko na zamanin East har akwai wanda ya fito da suna biyu a bangonsa, na marubucin da na East ɗin, ni kuwa ba na son a gyara mini har in kasa gane muryata. Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da Kananci, wannan ba gardama, kuma a labarin jarida ita ya kamata a bi. Amma in Basakkwace ya sa tsohuwa ta yi magana a cikin labarinsa da harshen garinsu, a bar ta ta yi, ba kuskure ba ne. Baba ya gyara mini jinsin hukuma, amma kalaman tsohuwar mai masara, da na rubuta su da Zazzagancinta tsantsa, ko ɗigo bai taɓa ba. Ya ce ita ba ta aiko masa da rubutu ba.

Don kar a ce na kawo shawara na koma gefe, na haɗo da wani gajeren rubutu nawa mai kalma 380 a kan masu dakon tumatir a kasuwar Sabon Gari. Sunana da lambata suna ƙasansa, kuma ba sai an ɓoye ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗalibaina ma in sun gani su yi dariya, sun sha nawa. Wannan wasiƙar ita ma in ka ga abin ja wa layi ka ja, ka buga ta da layin nata. A rubutun tumatirin, sakin layi na uku yana da tangarɗa, na juya shi ya fi sau goma ban gano inda take ba. Daga nan nake so a fara.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya.